Jitar Bes: Yadda Ake Koyonta da Yadda Ake Cin Abinci da Ita

A wani ɗakin biki a Kaduna na fara gane aikin da jitar bes take yi a cikin kiɗa. Mata sun cika fili ana ta rawa, liƙi na zuba, sai wayar mai bes ta zare daga jikin amfilifaya. Mai ganguna bai tsaya ba, mai fiyano bai tsaya ba, mawaƙi ma yana ta rera abinsa. Amma kafin ka ce kwabo kafaɗu sun daina motsi. Wata dattijuwa da ke tsakiyar fili ta gyara gyalenta ta waiwayo tana duban makaɗa, kamar wadda aka janye wa tabarma tana zaune. Ba ta san abin da ya ɓace ba, jikinta ne ya sani. Mai bes ɗin ya durƙusa ya mayar da waya, amon ya dawo ta ƙasa ya hau ƙafafun mutane, rawa ta ɗora daga inda ta tsaya. A daren nan babu wanda ya liƙa masa ko naira ɗaya.

Daga baya ni ma na rataya bes na shekaru, kuma abin da na gani a daren shi ne sana'ar gaba ɗayanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan kalangu ya san mai kuntuku: yana gefe, bugunsa ɗaya ne yake maimaitawa, amma a kansa manyan kalangai suke samun damar yin magana. Mai bes ɗan'uwansa ne, sai dai nasa nauyin biyu ne. Yana riƙe lokaci tare da mai ganguna, yana kuma riƙe tushen amo tare da mai fiyano da mawaƙi. In kana neman kiɗan da zai sa a nuna ka da yatsa, ɗauki ƙaramar jita ko makirufo. In kuwa kana jin daɗin ganin ɗaki guda yana motsi bisa abin da yatsunka biyu suke yi, to zauna mu yi magana.

Sanin kayan aiki

Kafin jitar bes, ƙungiyoyin kiɗan Turai da Amurka suna dogara ne da wani ƙaton goge da ake kaɗawa a tsaye, wanda ya kai tsayin mutum, ga nauyi ga rashin ƙara. A 1951 kamfanin Leo Fender a Amurka ya fito da Precision Bass, wadda ake ratayawa a kafaɗa a jona ta da lantarki. A 1960 ya ƙara da Jazz Bass, mai siririn wuya. Yawancin bes ɗin da za ka tarar a kasuwa yau, ko da wane suna aka rubuta a kansu, kwaikwayon waɗannan biyun ne.

Tsirkiyoyinta huɗu ne na ƙarfe. Daga mai kauri zuwa siririya ana saita su a kan E, A, D, G. Mai kaurin tana girgiza sau 41 ne kawai a daƙiƙa guda, shi ya sa kake jin ta a ƙirji kafin kunne ya tantance ta. Akwai mai tsirkiya biyar, wadda aka ƙara wa B a ƙasa, makaɗan coci da na situdiyo suna sonta ƙwarai. Shawarata ka fara da huɗu. Kowace tsirkiya da aka ƙara, ƙarin aikin kashe amo ne ga hannun da bai saba ba.

Yawancinmu ta hannu muka fara saya, kuma babu laifi. Amma kada ka biya sai ka yi abubuwa kaɗan. Ɗaga ta kamar mai saita bindiga, ka dubi wuyan daga kai zuwa jiki. In ya ɗan lanƙwasa gaba kaɗan, ana gyarawa. In ya murɗe kamar busasshen icce, ajiye ta ko nawa aka rage maka. Sannan ka danna kowane gurbi a kowace tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, kana sauraron inda take ƙara kamar ƙuda a kwalba. Ka jona ta da amfilifaya ka murɗa maɓallanta ka ji ko suna ƙarƙar, ka girgiza bakin waya a raminsa ka ji ko amo yana yankewa. Na ƙarshe, kuma shi ne mutane ke mantawa: a cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko sassautawa da ɗan makulli mai kusurwa shida. Sa mai kayan ya ɗan juya ta a gabanka. In ta ƙi motsi, ko tana juyawa a banza, wannan bes ɗin ta gama yayinta.

Amfilifaya ƙarama mai wat 15 zuwa 25 ta isa atisaye a ɗaki. Ranar da za ka tsaya kusa da mai ganguna na gaske kana buƙatar wat 200 ko fiye. Kada ka ƙure bes a sifikar ƙaramar jita, takardar sifikar za ta yage.

Hannuwa

Ka rataye ta yadda tsayinta zai zama ɗaya ko kana zaune ko kana tsaye, don kada abin da ka koya a kan kujera ya guje maka a dandali. Hannun da ke danna tsirkiya, babban yatsansa yana bayan wuya, ba ya shaƙe shi. Ka danna dab da bayan ƙarfen da aka gitta, ba a kansa ba, ba kuma can tsakiyar gurbi ba. A nan ne amo yake fita tas da ƙarfi kaɗan. Gwada wannan: danna amo ɗaya, ka riƙa sassauta yatsa har sai ya fara ƙara, sannan ka ƙara ɗan ƙarfi kaɗan. Iyakar ƙarfin da ake buƙata ke nan. Duk abin da ya wuce haka gajiya ce kake tara wa jijiyoyinka. A gurabun farko, inda tazara take da faɗi, yi amfani da manuni da na tsakiya da ƙarami, na zobe yana taimaka wa ƙaramin. Can sama inda gurabu suka matse, kowane yatsa ya ɗauki gurbi ɗaya.

Hannun da ke kaɗawa kuma, manuni da na tsakiya ne suke karɓa-karɓa kamar ƙafafun mai tafiya. Ba fizgo tsirkiya ake yi sama ba, shafa ta ake yi ciki, yatsa ya wuce ya huta a kan tsirkiyar da ke sama da ita. A makonnin farko bororo zai fito a kan yatsu. Kada ka fasa shi, ka rage lokaci zuwa minti ashirin sau biyu a rana har fatar ta yi kanta. Ciwon fata yana wucewa. Ciwon da ke cikin wuyan hannu ko gwiwar hannu kuwa gargaɗi ne, in ka ji shi ka ajiye bes ka duba yadda kake lanƙwasa hannun.

Abin da yake raba ɗan koyo da gwani a kunnen masu sana'a shi ne kashe amo. Tsirkiyar bes in ka bar ta za ta yi ta gurnani ita kaɗai saboda girgizar 'yan'uwanta, kiɗa ya zama kamar kunun da aka dama da ruwan sanyi. Babban yatsan hannun kaɗawa ya kwanta a kan tsirkiyoyin da ke sama da wadda kake bugawa, yatsun hannun dannawa su ɗan jingina da na ƙasa. Ɗauki kanka a waya ka saurara da abin kunne. Za ka ji ƙazantar da ba ka san kana yi ba.

Ba hanya ɗaya ce ta kaɗawa ba. James Jamerson na kamfanin Motown da yatsa ɗaya ya yi kusan duk aikinsa. Carol Kaye, wadda ta koma bes a 1963 ranar da wani mai bes bai zo situdiyo ba a Los Angeles, da 'yar roba take kaɗawa, kuma ta shiga dubban faya-fayai. Larry Graham ya ƙirƙiro dukan tsirkiya da babban yatsa da fizgo ta da manuni ne saboda yana wasa da mahaifiyarsa babu mai ganguna, yana neman abin da zai maye gurbinsu. Samari suna rububin wannan salon don yana burge 'yan kallo. Ka koye shi in lokacinsa ya yi, amma ka sani a cikin waƙa goma da za a biya ka ka buga, da wuya biyu su buƙace shi.

Lokaci da kunne

Nan ne sana'ar take. Mutum zai iya buga amon da bai dace ba a lokacin da ya dace, taro bai lura ba. In ya buga amon da ya dace a lokacin da bai dace ba, har yaron da ke goye sai ya ji wani abu ya goce.

Sauke manhajar metironom a wayarka, wato agogon kiɗa mai ƙwanƙwasa daidai wa daida. Sa shi a bugu 60 a minti, ka buga amo ɗaya tak a kan kowane ƙwanƙwaso. Za ka ga kamar wasan yara ne, sai ka gwada. In ka sauka daidai, ƙarar agogon takan ɓace a cikin amonka kamar an kashe shi. Wannan ɓacewar ita ake nema. In ka samu, rage ƙwanƙwason ya zama yana zuwa a bugu na biyu da na huɗu kawai, daga baya a bar shi sau ɗaya a kowane bugu huɗu. Kullum ana janye maka sandar dogarawa ne har lokacin ya koma cikin jikinka. Kiɗa mai sanyi ya fi mai zafi wuya, domin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana da faɗi, zuciya kuma tana son ta yi gaba. Yawancin masu koyo gudu suke yi idan waƙa ta yi daɗi, su ja ƙafa idan ta yi sanyi.

Bayan agogo sai mai ganguna. Ka tsaya inda kake ganin ƙafarsa ta dama, wadda take taka babbar ganga. A mafi yawan kiɗan zamani, wannan ganga da bes abu ɗaya ne aka raba wa mutum biyu: ita tana ba da duka, kai kana ba dukan murya. Ku riƙa haɗuwa ku biyu kawai, babu mawaƙi babu fiyano, ku ɗauki zubi ɗaya ku yi ta juya shi minti goma ba tare da kowa ya yi ado ba. Ba banza ba ne manyan kiɗan Jamaika suka fito daga irin wannan tagwaitaka: Aston Barrett da ƙaninsa Carlton a bayan Bob Marley, Robbie Shakespeare da Sly Dunbar a bayan mawaƙa bila adadin. Bootsy Collins yana saurayi ya shiga ƙungiyar James Brown a 1970 da yatsu masu gudu, darasin da maigidan ya ɗora shi a kai kuwa shi ne ya sauka da nauyi a kan bugun farko na kowane zagaye, abin da ya rage tsakani nasa ne. Saurari faya-fayan Fela Kuti na shekarun 1970, lokacin da Tony Allen yake kan ganguna. Mai bes zai ɗauki gajeriyar jimla ya riƙe ta minti goma sha biyar bai canza ba, bai gaji ba, bai yi sauri ba. Mai ganin wannan abu ne mai sauƙi bai taɓa gwadawa ba. A minti na bakwai hannu yake fara roƙonka ka ƙara wani abu, ƙin amsa masa shi ne gwanintar.

Akwai wani sirri da ba a cika faɗa wa masu koyo ba: inda amo ya ƙare yana da muhimmanci kamar inda ya fara. Buga jimla ɗaya da amo masu tsawo, sannan ka maimaita ta kana datse kowanne da wuri. Amon ɗaya ne, lokacin ɗaya ne, amma na farko yana kwantar da mutane, na biyu yana tayar da su. Kiɗan rege ya ginu ne a kan shirun da mai bes yake bari. Ni dai da zan koma farko, da na ba wannan wata shida cur kafin in taɓa wani salo.

Wajen amo kuma, fara da sanin sunan kowane gurbi a tsirkiya biyu masu kauri, har gurbi na 12 inda sunaye suke sake zagayowa. Sannan ka haddace siffa guda: duk inda ka danna tushe, na biyar ɗinsa yana tsirkiya ta gaba, gurbi biyu sama, takwaransa na sama kuma yana tsirkiya biyu gaba, gurbi biyu sama. Da waɗannan ukun kaɗai za ka iya raka waƙoƙi ɗaruruwa ba ka kunyata ba. Daga nan ka koyi jerin amo bakwai da jerin amo biyar. Na biyun zai zo maka da sauƙi, don a kansa yawancin waƙoƙinmu na gargajiya suke tafiya, haka ma kiɗan jitar Abzinawa na Agadas. Ka koyi kiran amo da do, re, mi ko da lamba ɗaya zuwa bakwai, kamar yadda makaɗan coci a Najeriya suke yi. Amfaninsa shi ne ranar da mawaƙiya ta zo da mura ta ce a sauko mata da waƙa, kai dai matsar da hannu kawai za ka yi, siffar ba ta canza ba.

Kullum ka cire waƙa ɗaya da kunne. Sa abin kunne mai kyau, domin sifikar waya ba ta iya fitar da ƙasan bes, abin da kake ji a cikinta inuwarsa ce. Saurari jimla, ka rera ta da baki, sannan ka nemo ta a wuya. Abin da bakinka bai iya rerawa ba, hannunka ma kame-kame zai yi. Richard Bona, ɗan Kamaru da aka haifa a Minta a 1967, da kunne ya tashi: yana yaro ya haɗa wa kansa jita da wayar birkin keke, sai da ya ji faifan mai bes Jaco Pastorius a Duwala ya koma bes, yau kuma duniya ta san shi. Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu, wanda bes ɗinsa marar ƙarafa a wuya take rera waƙa a faifan Graceland na Paul Simon na 1986, shi ma a ƙungiyoyin unguwa ya gogu.

Wani abu da ya shafe mu mu kaɗai: Hausa harshe ne mai karin sauti, kalma tana hawa tana sauka, kuma mawaƙi yana bin wannan hawa da sauka. In ka cika wa waƙar Hausa surutu a ƙasa, kana take wa kalmomi ƙafa. Ka bar baiti ya wuce a kan amo ɗaya ko biyu, ka ajiye adonka a wurin da mawaƙi ya tsaya jan numfashi ko inda 'yan amshi suka sauke. Yawancin kiɗanmu kuma mai tafiyar uku-uku ne a cikin bugu ɗaya, irin tafiyar raƙumi. Wanda ya koyi bes daga bidiyon Turawa kaɗai yakan zo nan ya daburce. Maganinsa ka zauna da mai kalangu ko mai ƙwarya, ka bar shi ya ja ka.

Hunturu da wuta

Bes icce ce, icce kuwa yana numfashi. Da hunturu wuyan yana bushewa ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu, tsirkiya ta canza tsayi. Da damina ya sha danshi ya koma wata siffar. Saboda haka sau biyu a shekara ka duba lanƙwasarsa: danna tsirkiya mai kauri a gurbin farko da na ƙarshe a lokaci guda, ka dubi tsakiya. Ya kamata a sami 'yar tazara kamar kaurin katin gayyata. In ta yi yawa a ɗaure sandar ciki, in babu a sassauta, kwata ɗin juyi kawai a lokaci guda, a bar ta ta kwana. Kada ka bar bes a but ɗin mota da rana, kada ka jingina ta da bango ta kwana a kan wuyanta. Ka goge tsirkiya da tsumma bayan kowane wasa, gumi da ƙura ne suke kashe amonta. In ta dushe kuma babu kuɗin sabuwa, tafasa ta a ruwa minti goma, a shanya ta bushe sarai, za ta ɗan farfaɗo na 'yan makonni. In bes ɗinka mai batir ce, mai bolt 9, cire waya duk lokacin da ka ajiye ta, in ba haka ba batirin yana ci ko ba a kaɗawa.

Wuta kuwa ta taɓa cin mini amfilifaya a wani wurin biki, lokacin da aka tayar da janareta kayanmu suna jone. Wani ɗan hayaƙi ya fito ta baya, warin ƙonanniyar roba ya tashi, aikin wata huɗu ya tafi, masu wurin kuma suka ce ba ruwansu. Tun ranar ba na fita sai da sitabilaiza tawa, kuma ba na jona komai sai inji ya daidaita. Amfilifaya ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa. In ka taɓa tsirkiya ka ji wuta tana ɗan cizonka, ko leɓenka ya taɓa makirufo ka ji tsam, a tsaya a gyara wayar ƙasa kafin a ci gaba. Wannan ya kashe makaɗa a kan dandali, ba abin jurewa ba ne.

Dandali da situdiyo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wurin gwaji ba wurin koyon waƙa ba ne, a gida ake koyo, a zo a haɗa. Ka iso kafin mawaƙi, ka saita tsirkiyarka da na'ura ba tare da kowa ya ji ba. A jakarka a sami waya biyu, batir, tsirkiya ko da tsohuwa ce, makullin wuya, da abin toshe kunne, don tsayuwa kusa da faifan ƙarfen mai ganguna shekara da shekaru tana cin ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Igiyar amon tsirkiya mai kauri ta fi mita 8 tsawo. Shi ya sa take ratsa bango, take taruwa a kusurwar ɗaki, kuma abin da kake ji a gaban sifikarka ba shi mutanen baya suke ji ba. In ba ka jin kanka, kada ka fara da ƙara ƙarfi. Rage ƙasa kaɗan ka ƙara tsakiya, ka ɗaga sifikar a kan kujera ta dubi kunnenka. Ka yi zaman lafiya da mai kula da miksa, ka gaishe shi da sunansa, domin amonka a hannunsa yake.

Situdiyo wata duniya ce. A can ƙaramar ƙazanta tana fitowa kamar tabo a farar riga. Ka buga da ƙarfi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ka sauƙaƙa, in furodusa ya ce a rage ka rage ba gardama, waƙarsa ce. Kuma ka tuna yawancin masu sauraronmu a waya za su ji waƙar. Bes ɗin da aka cika wa ƙasa zalla tana girgiza situdiyo, amma a waya babu ita. Kaɗa kusa da gindin tsirkiya kaɗan, ka roƙi a bar mata tsakiyarta.

Maganar kuɗi

Gaskiya ita ce a Kano da Kaduna yawancin waƙoƙin fim da na biki a kan fiyano da kwamfuta ake haɗa su, hannun hagu na mai kiɗa shi ne bes. Aikin mai bes na gaske yana coci-coci, da ƙungiyoyin bukukuwa da otal-otal, da bandunan soja da na 'yan sanda, da mawaƙan da suke fita wasa da cikakkun makaɗa, a garuruwa irin su Jos da Abuja da Legas. A Nijar ƙungiyoyin jita suna da rai sosai: Tal National a Yamai, Mamar Kassey, da 'yan Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar, wanda mai bes ɗinsa, Mikey Coltun, Ba'amurke ne kuma shi ne yake haɗa musu faifai. Darasin da ke nan a fili yake. Mai bes ɗin da ya iya ɗaukar sauti da tace shi, ko ya iya amshi da baki, ko ya iya taɓa fiyano, shi ake fara kira. Ka koyi haɗa kiɗa a kwamfuta, ka kai wa masu situdiyo bes ɗinka su ji bambancin yatsa da maɓalli a waƙa ɗaya. Wasu ba su taɓa ji ba ne kawai. Koyar da yara, gyaran jita, da bayar da hayar kayan sauti su ne suke riƙe gida a watannin da babu biki, kamar lokacin azumi.

Aiki a wannan sana'a ta bakin mutane yake zuwa, kuma mafi yawa ta bakin masu ganguna. Abin da suke faɗa a bayanka ba wai yatsunka sun fi na kowa gudu ba ne. Cewa suke yi wane yana zuwa a kan lokaci, ya san waƙoƙin, ba ya shaye-shaye a bakin aiki, ana iya tafiyar awa goma da shi a mota ɗaya.

Amma kyawun hali ba ya nufin a bar haƙƙi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, tsohon labari ne a wannan sana'a. Jamerson ya yi shekaru yana buga bes a waƙoƙin da suka mamaye duniya daga Detroit ba a rubuta sunansa a jikin faifai ba, sai a 1971 a faifan What's Going On na Marvin Gaye. Kamfanin Motown ya koma Los Angeles a 1972, shi ma ya bi, aiki ya yi ta ja baya, giya ta ci ƙarfinsa, ya rasu a 1983 yana da shekara 47. Aston Barrett ya kai ƙara kotu a Landan yana neman fam miliyan 60 na haƙƙin waƙoƙin da ya yi da Bob Marley, a 2006 kotu ta kori ƙarar, tana dogara da wata yarjejeniya ta 1994 da ta ce ya riga ya sallama haƙƙinsa a cikinta. Duk lokacin da na ji bes ɗin waɗannan mutane biyu a rediyo, sai raina ya sosu.

Don haka kafin ka ɗauki jaka, a yi magana a fili: nawa ne, gwaji nawa za a yi, wa zai biya mota da abinci da masauki, ƙarfe nawa za a tashi, in an zarce me za a ƙara. Ka karɓi kafin alƙalami, rabi in zai yiwu, a kuma faɗi ranar ciko. Liƙi ma a yanke yadda za a raba shi tun ana shiri, ba bayan an zube shi a buhu ba, don na ga zumuncin shekara goma ya watse a kan buhun liƙi ɗaya. In kunya ta hana ka faɗa da baki, rubuta a saƙon waya: “Ranka ya daɗe, don in tabbatar, ranar Asabar ne, kaza ne kuɗin, mota a kanku.” In ya amsa da “Haka ne,” ka sami shaida.

A situdiyo ka bambance abu biyu. In an ba ka jimla ka buga, ladan aikin ranar ne naka, tare da sunanka a jerin makaɗa. In kuwa kai ka ƙirƙiro jimlar da waƙar ta ginu a kanta, ka shiga cikin masu waƙar, kuma ranar ce ranar faɗa, kafin kowa ya san ko za ta karɓu. A ɗauki takarda a rubuta sunan waƙa, kwanan wata, sunan kowa da kasonsa, kowa ya sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Sannan ka yi rajista da hukumar da ke karɓar wa masu fasaha haƙƙinsu, irin MCSN a Najeriya ko BNDA a Nijar, ka kai musu kwafin takardar. Duk wata yarjejeniya da aka miƙo maka aka ce sa hannu yanzu-yanzu mota na jira, ninke ta ka sa a aljihu, ka ce za ka dawo da ita gobe bayan wani ya karanta maka.